Lambun Ninfa ba kasuwa ba ne

Ƙorafin da masu yawon buɗe ido ke ta yaɗawa a intanet game da lambun Ninfa, da ke ƙasan tudun Sermoneta a yankin Lazio na Italiya, shi ne wai ba a buɗe shi sai a wasu ranaku ƙalilan, kuma ba a barin mutum ya shiga sai cikin ayari tare da ja-gora. Suna so a wangale ƙofa kullum, kowa ya yi yawonsa yadda ya ga dama. Wannan magana tana ba ni haushi, domin masu yin ta ba su san abin da suke tsaye a kansa ba.

Ninfa kufai ne. Gari ne da a cikinsa aka naɗa Fafaroma Alexander na Uku a 1159, kafin yaƙi ya rushe shi a ƙarshen ƙarni na 14, zazzaɓin cizon sauro kuma ya kori waɗanda suka rage. Haka ya zauna ba kowa na tsawon ɗaruruwan shekaru, har Gelasio Caetani, ɗan iyalin da suka mallaki wurin, da mahaifiyarsa suka fara share dajin da dasa itatuwa a farkon shekarun 1920. Duk wanda ya ga furen wardi yana hawa bangon tsohuwar majami'a, da ƙorama garau tana ratsa ƙarƙashin gadar dutse, ya san cewa wannan hekta 8 ba za ta iya ɗaukar dubban ƙafafu a kowace rana ba. Jijiyar itace tana mutuwa idan aka daddaɓe ƙasar da ke kanta, kuma bangon da ya shekara ɗari bakwai ba wurin jingina ba ne don ɗaukar hoto.

Iyalin Caetani sun mallaki fadar Sermoneta tun 1297, gidan Borgia, dangin Fafaroman lokacin, ya ƙwace ta a 1499, daga baya aka mayar musu. Lelia Caetani, wadda da ita zuri'ar ta ƙare a 1977, ta kafa gidauniya da sunan mahaifinta Roffredo, ta damƙa mata fadar da lambun. Amana ce ta bari, kuma taƙaita baƙi yana cikin riƙon amanar.

Masu cewa yawan baƙi zai kawo kuɗin gyara sun manta cewa su kansu baƙin ne za su jawo ɓarnar da za a gyara. Tun 2000 gwamnatin Lazio ta sanya wurin cikin wuraren da doka ke karewa, saboda haka kada gidauniyar ta ji kunyar cewa a'a. Wanda bai samu tikiti ba ya hau Sermoneta, ya ga fadar da hasumiyarta, ya ci abinci a garin, sannan ya jira wata ranar buɗewa.