Yamai na da abin kallo, labarinsa ne ba mu ba ƴaƴanmu

A tsakiyar Buruksel, babban birnin Beljiyam inda nake zaune, akwai ɗan gunkin tagulla na wani yaro yana fitsari, ana ce masa Manneken-Pis. Tsayinsa bai kai santimita 60 ba, amma rani da damina lungun cike yake da baƙi daga ko'ina cikin duniya, kowa da wayarsa a sama. An ɗinka masa riguna sama da 1,000, har aka buɗe wa rigunan nasu gidan ajiya. A wata unguwar kuma kuɗi ake biya a sauka ƙarƙashin ƙasa don kallon magudanan ruwan ƙazantar gari. Abin yana burge ni ƙwarai. Mutanen nan ba sa barin komai nasu ya zauna ba labari, kuma ƴaƴansu suke fara ba labarin kafin baƙo.

Nan ne Yamai take zo mini a rai, don na san abin da muke da shi.

Abin da Beljiyam ta fi alfahari da shi a gidan tarihinta na halittu shi ne ƙasusuwan dinozor da ake kira Iguanodon, kusan 30, waɗanda masu haƙar gawayi suka ci karo da su a Bernissart a 1878. An tsayar da su cikin gilashi, an haska su da fitilu, kuma da wuya ka shiga ranar aiki ba ka tarar da ƴan lakwal zaune a ƙasa malama tana yi musu bayani ba. To, dangin wannan dabbar yana Yamai. Sunansa Ouranosaurus nigeriensis, sunan ƙasarmu ne a jikinsa. A Gadafawa, cikin hamadar Tenere a jihar Agadas, Bafaranshe Philippe Taquet ya tono shi, aka raɗa masa suna a 1976. A wannan hamadar aka samo Sarcosuchus, wani ƙaton kada mai tsawon kusan mita 10 da ya rayu shekaru sama da miliyan 100 da suka wuce, lokacin da inda muke ganin rairayi yau koguna ne. Duka suna nan a gidan tarihi na Bubu Hama, tafiyar ƙafa daga gadar Kennedy. Masana na ƙetare teku don su gan su. Yara nawa ne a Bukoki ko Talaje aka taɓa faɗa wa cewa Tenere ta taɓa zama ƙasar ruwa da kadoji?

Gidan nan ba ƙaramin abu ba ne. An buɗe shi a 1959, tun kafin samun ƴancin kai, da ƙoƙarin marigayi Bubu Hama da Pablo Toucet wanda ya fara shugabantarsa, a fili mai faɗin eka-eka, kusan hekta 24. Akwai ɗakin tufafin gargajiya, ɗakin kayan kiɗa, ɗakin uraniyom, da samfurin gidajen ƙabilunmu. Akwai kuma ragowar itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai cikin hamada, ba wata bishiya kusa da shi sai an yi doguwar tafiya, har wata babbar mota ta kaɓe shi a 1973 aka ɗauko shi zuwa Yamai. Da a Turai wannan itace yake, da an yi masa littattafan yara, an buga shi a riguna da kofunan shayi.

Mu kuwa yaushe muke zuwa? Ranar sallah. Ina son wannan al'ada, kada a yi mini mummunar fahimta. Yara cikin sabbin kaya, kowa riƙe da kuɗin barka da sallah, ana turereniya wajen zaki da kura da dorina, wannan farin ciki ne na gaske, kuma ban ga irinsa a wani gidan tarihi na nan ba. Sai dai daga kejin dabbobi ake juyawa gida. Ƙalilan ne ke leƙa ɗakunan, kuma ban ga laifinsu ba. Uwar da ta kawo yara daga Harobanda, in ba ta yi boko ba, ta tsaya gaban ƙashi da bayani cikin Faransanci, me za ta ce musu? A Buruksel kowane allo da Faransanci da Holanci yake, don kada ɗan gari ya ji shi baƙo ne a gidansu. Tun da kundin sake gina ƙasa da aka amince da shi a Nijar a 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ina ganin nan ne wurin farko da ya kamata a ga aikin a ƙasa: bayani da Hausa da Zabarmanci, a rubuce da kuma da baki. Mutanenmu masu sauraro ne. Matasa ƴan jami'ar Abdu Mumuni da aka horar, suna zagayawa da iyalai suna ba da labari, za su yi abin da allo ɗari ba zai yi ba.

Akwai inda muka fi su, kuma da nisa. Gidajen tarihin nan shiru suke, komai a bayan gilashi, wanda ya yi abin ya daɗe da mutuwa. A namu kana tsaye maƙeri Ba'abzine yana zuba azurfa yana fitar da tambarin Agadas, baduku na yanka fata, masaƙi na jefa ƙoshiya. Ka yi tambaya a ba ka amsa, ka taya a sallama maka. Haka ma ƙauyen masu sana'a na Wadata.

Abinci ma haka. Su soyayyen dankali suka mayar abin tutiya, ana bin layi a rumfunan titi kamar ana rabon zakka. Yana da daɗi, ba musu. Amma wanda ya ci dambu da zogale da rana, ya sayi kilishi da la'asar, ya zauna bakin kogin Isa da magariba gaban gasasshen kifi yana kallon kwale-kwale na wucewa, ya san ba a bar mu a baya ba. Abin da ya rage mana tsabtar wuri ne, da wurin wanke hannu, da bencin da magidanci zai zauna da iyalinsa ba ƙura ba ƙuda.

Maganar da ta fi ci mini rai ita ce ta inuwa. Buruksel, garin da rana ke wuyar gani, ta riƙe dajin Soignes mai sama da hekta 4,000 a gefenta, ga lambuna a kowace unguwa da yaro zai shiga kyauta ya yi gudu. Yamai, inda zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, iyayenmu sun fara dasa mata zoben itatuwan dogon yaro tun 1965 don ya tare ƙura da iskar hamada. Muna kallo aka riƙa yanka shi fuloti-fuloti, ana sarewa, ana zuba shara. Duk wanda ya sayi fili a ciki ya san abin da ya saya. Inuwar jikokinsa ce.

Na san abin da za a ce: ƴan yawon buɗe ido sun daina zuwa, musamman bayan harin da aka kai wa baƙi a Kure a watan Agustan 2020, kuma ƙasa na fama da abin da ya fi wannan. Gaskiya ne. Amma Bubu Hama ba don Turawa ya yi gidan ba. Yamai ta haura mutum miliyan ɗaya, kuma mafi yawansu yara ne da matasa. Su ne masu kallon.

Don haka roƙona ga shugabannin makarantu, na boko da na islamiyya: a sa ziyarar gidan tarihi cikin tsarin shekara, kowane aji sau ɗaya, ranar da ba cunkoso. Mu kuma da ke waje, masu aika kuɗin sallah da na suna, kuɗin motar da za ta kwashi aji guda daga unguwarmu da tikitin shigarsu bai fi ƙarfin ƙungiya ɗaya ta ƴan gari ba. A taronmu na wata mai zuwa zan kawo maganar, kuma makarantar unguwar da na tashi zan fara ambata.