World of Warcraft: wanda ya dawo mutane yake nema, an haɗa shi da 'yan rakiyar kwamfuta

Tun daga watan Janairun 2024, lokacin da kamfanin Blizzard ya shigo da tsarin Follower Dungeons cikin World of Warcraft, wasan intanet da jama'a ke haɗuwa su yaƙi dodanni tare, shawara guda ake ba duk tsohon ɗan wasan da ya yi shekaru bai leƙa ba kuma ya ƙudurta dawowa: ya shiga kogo tare da 'yan rakiyar da kwamfuta ke sarrafawa, ya zauna can har hannunsa ya sake faɗawa, kada ya ɓata wa mutane lokaci. Da babin The War Within ya fito a watan Agustan shekarar, sai aka ƙara da Delves, ƙananan koguna da mutum zai iya shiga shi kaɗai ɗan rakiyar kwamfuta Brann Bronzebeard na biye da shi, har ma aka buɗe hanyar da zai je ya ga ƙarshen Sarauniya Ansurek, dodon ƙarshe na babban yaƙin taron jama'a, ba tare da ya nemi rakiyar kowa ba. Masu sharhi da dama sun yaba, suna cewa kamfanin ya fara mutunta lokacin magidanta da ma'aikata. A ganina abin da ya faru shi ne kamfanin ya kasa gyara yadda 'yan wasansa ke mu'amala da juna, sai ya gina wa baƙo ɗaki a bayan gida ya ce masa an karrama shi.

Ya kamata a fara tambayar abin da ke dawo da mutum. Wasan ya fito a watan Nuwamban 2004, ya kai masu biyan kuɗin wata miliyan 12 a 2010, kuma yawancin masu dawowa yau mutanen wancan zamanin ne, waɗanda yanzu suka yi iyali suka kama aiki. Mutumin da ke son wasan da zai yi shi kaɗai yana da zaɓi birjik, masu kyawun hoto da daɗin labari, ba kuma sai ya riƙa biyan kusan dala 15 duk wata ba. Abin da bai samu a waɗancan ba shi ne daren da mutum arba'in suka taru a babban kogon Molten Core suna faɗuwa suna tashi har dodo ya kwanta, ko kogon mutum biyar inda mai garkuwa ɗaya, mai magani ɗaya da mahara uku kowa ransa ke hannun ɗan'uwansa. Shaida a fili take: da aka buɗe WoW Classic a watan Agustan 2019, mutane sun yi sa'o'i a layi don shiga tsohon salon wasan da babu na'urar haɗa rukuni a cikinsa, inda dole ka yi magana da mutane kafin ka taka ƙofar kogo. Wahalar tafiya a ƙasa da tsadar abin hawa ba su ne suka ja su ba. Mutane suka je nema.

To, me mai dawowa ke tararwa a wasan na yanzu? Yana buɗe allon neman rukuni, ya ga jerin kogunan Mythic+, masu matakan wahala da ake shiga da makulli, ya miƙa buƙata. Shugaban rukunin yana kallon lambobi biyu kawai a gaban sunansa, darajar kayan yaƙinsa da makinsa na kakar wasa da ake ciki, kuma makin wanda ya yi shekara uku ba ya nan sifili ne. Cikin ƙiftawar ido an ƙi shi, babu gaisuwa babu dalili. Ya miƙa wa na biyu, ya miƙa wa na goma. Idan farmaki yake so, wato babban yaƙin taron jama'a, sai a ce ya nuna lambar yabon Ahead of the Curve, wadda ba a samunta sai an riga an kashe dodon ƙarshe na farmakin da yake roƙon a shigar da shi. In ya yi sa'a wani ya ɗauke shi a matsayin mai magani, mai garkuwa zai zabura ya kwaso gungun abokan gaba uku a lokaci guda bai ce uffan ba, ƙarfin tsafin mai maganin ya ƙare, rukunin ya zube, wani ya rubuta baƙar magana ya fice, sauran su bi shi. Duk wanda ya dawo wasan a 'yan shekarun nan ya san wannan hoton.

Ana yawan ɗora laifin a kan halin 'yan wasa, ana cewa mutanen intanet ba su da tarbiyya. Wannan uzuri ne mai sauƙi. Blizzard ce ta ƙirƙiro Mythic+ a babin Legion a 2016, ta sa masa agogo, ta sa kowace mutuwa ta zaftare wani abu daga lokacin, ta kuma tsara cewa in rukuni bai gama kafin agogo ya cika ba, makullin mai gayyata ya ragu da mataki ɗaya. Mutumin da ya yi kwanaki yana ɗaga makullinsa, yaya za a yi ya miƙa shi ga baƙon da bai san inda wuta ke faɗowa ba? Shafin Raider.IO, wanda ba na kamfanin ba ne, ya riƙa auna 'yan wasa da maki, maimakon kamfanin ya rage wa makin ƙarfi sai ya ɗauko irinsa ya dasa cikin wasan a 2021. Da aka zo sassautawa a 2025, aka ce makulli ba zai riƙa faɗuwa ƙasa da wani mataki ba, gwanayen da suka riga suka haye mataki na 12 aka yi wa rangwamen. Tsarin ne ya mayar da haƙuri asara, sannan aka dawo ana mamakin yadda haƙuri ya yi ƙaranci.

Hujjar da ta fi ɓata mini rai ita ce cewa 'yan rakiyar kwamfuta makaranta ce. Makarantar me? Kaftin Garrick, mai garkuwar 'yan rakiyar, tana tsayawa ta jira ka komai daɗewarka, ba ta gajiya, ba ta kuskuren da mutum ke yi, kuma a mataki mafi sauƙi kawai ake shiga da ita. Za ka iya haddace hanyar kogon da siffar dodanni, wannan gaskiya ne, amma abin da ke kayar da rukuni ba rashin sanin hanya ba ne. Sanin wanda zai katse tsafin abokin gaba na farko da wanda zai katse na biyu, lura da cewa mai magani ya galabaita a dakata masa, gane cewa mai garkuwa zai juya dodo hagu tun kafin ya juya, iya cewa "ban san wannan faɗan ba, a yi mini bayani" ba tare da jin kunya ba, duk waɗannan a cikin mutane ake koyonsu. Wanda ya yi wata guda da 'yan rakiya zai fito ya tarar da katangar nan tana nan yadda ya bar ta, makinsa har yanzu sifili. Abin da ya fi wannan muni, duk mai sanyin hali da ya gaji ya koma Delves, inda akwatin mako-mako ke ba da kayan da ke gogayya da na farmaki, an cire shi ke nan daga layin jama'a. Masu haƙuri suna janyewa ɗaya bayan ɗaya, layin yana komawa hannun masu gaggawa da zafin kai, mai dawowa na gaba ya tarar da wuri ya fi na jiya tsanani.

Masu cewa ai zaɓi ne, ba a tilasta wa kowa ba, sun manta cewa zaɓin da aka bar wa mutum bayan an rufe masa ƙofa sau goma bai cancanci sunan zaɓi ba. Akwai kuma masu kawo misali da mu da ke wasa daga Kano, Kaduna ko Yamai, inda babu sabar wasan a nahiyar Afirka sai dai a jingina da na Turai, ga jinkirin sadarwa, ga wuta da za a iya ɗaukewa ana tsakiyar faɗa. Suna cewa wasan kaɗaici ne ya dace da mu. Akasin haka ne. Rukunin baƙi ne ke korar mutum da zarar ya ɓace na minti biyu, amma ƙungiyar da ta san shi za ta tsaya a bakin ƙofar dodo har ya tayar da janareto ya dawo. Kamar gayyar noma ce, ba a korar wanda fartanyarsa ta karye domin gobe gonar wani za a je. Wanda yanayinsa ya fi rauni shi ya fi buƙatar mutanen da suka san sunansa.

Wasan Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix ma bai tsira ba, domin tun 2019 ya kawo tsarin Trust, a 2022 kuma ya faɗaɗa shi da Duty Support har mutum na iya bin yawancin kogunan babban labari da 'yan rakiya. Sai dai can an bar wasu abubuwa da ke sa tsohon hannu ya yi murna da baƙo. Sabon shiga yana ɗauke da alamar tsiro a gefen sunansa, wanda ya dawo bayan doguwar tafiya yana ɗauke da alamar fure, kuma da zarar an shiga kogo da wanda bai taɓa yinsa ba, sanarwa na fitowa cewa kowa a rukunin zai samu ƙarin lada. Kullum ana jefa gwanaye cikin tsofaffin koguna a rage musu ƙarfi daidai da na baƙo, a ƙarshe kuma kowa na iya ba abokin tafiyarsa yabo. Mutanen can ba mala'iku ba ne, tsarin ne ya sa kyautatawa ta zama riba.

Abin da ake buƙata daga Blizzard ba ya da wuyar fahimta. A daina rage makulli a ƙananan matakai, a ba rukunin da ya ɗauki mai dawowa lada mai tsoka wadda gwani zai ji a jikinsa, a sa alama a sunan wanda ya daɗe ba ya nan domin a san da wa ake tafiya, a kuma daina nuna makin kaka a matakan da ba a buƙatarsa. Tashar hira da aka buɗe wa sababbin shiga da jagorori a 2020 ta tsaya a amsa tambayoyi, ba ta kai kowa cikin kogo ba. Kamfanin da Microsoft ya saya tare da uwarsa Activision Blizzard a kan kusan dala biliyan 69 a 2023 ba zai ce ba shi da ma'aikatan da za su yi wannan aikin ba, tunda ya samu waɗanda suka zauna suka koya wa Brann yadda zai jefa wa ɗan wasa kwalbar magani.