Mujallar hannu kan tufafi ba wasa ba ce

Yana damuna yadda wasu ke ɗaukar 'yar mujallar da matasa ke haɗawa da hannu kan kayan sawa a matsayin wasan 'yan gayu. Na fahimce su: takarda ɗaya ce aka ninke shafi takwas, aka yanko hotuna da almakashi, aka manna, aka kai fotokwafi.

Amma akwai siyasa a jikin riga. A 2013 benen Rana Plaza ya rufta a Bangladesh, mutum fiye da 1,100 suka mutu, yawancinsu masu ɗinka wa kamfanonin Turai da Amurka. Babbar mujalla da tallan irin waɗannan kamfanoni take ci, dole ta yi taka-tsantsan. Mai mujallar hannu kuwa ba ya jiran tallan kowa: sai ya manna hoton rigar, ya rubuta ladan mai ɗinkinta a ƙasa da biro.