Bayan yaji da biko, wa ke gyara mijin?

A yawancin gidajenmu maganar duka tana ƙarewa ne a zauren waliyyi ko ofishin Hisba. Mace ta yi yaji, a zo biko, a ce ta yi haƙuri, shi kuma ya rantse ba zai sake ba. Ta koma ɗakinta, halin da ya kore ta kuwa yana nan daram. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 36 cikin ɗari na matan Najeriya da suka taɓa aure sun sha duka, ko tilasci a shimfiɗa, ko muzantawa daga mazajensu.

Tsaron mace ne farko. Ta je asibiti a ranar, likita ya rubuta raunin, a ɗauki hoto, domin tabo yana ɓacewa, takardar likita kuwa tana tsayawa a kotu. Idan da fyaɗe, maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, aikin da cibiyar Waraka a asibitin Murtala na Kano da cibiyoyin Salama a Kaduna ke yi. Dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015 ta ba kotu ikon hana miji kusantarta, a jihohin da suka karɓi dokar. Wanda ya taɓa shaƙe matarsa, ko ya ce zai kashe ta, ba a mayar masa da ita don an sa baki, kuma lokacin rabuwa ya fi kowane lokaci haɗari.

Abin da muka rasa shi ne shirin gyaran maza. A birnin Duluth na Amurka, tun farkon shekarun 1980, kotu ke tura masu duka zaman rukuni na mako-mako har tsawon watanni, wanda ya daina zuwa a mayar da shi gaban alƙali. Ba maganar zafin rai ake yi ba. Mutumin da ke haɗiye fushi gaban maigidansa a kasuwa ya iya riƙe hannunsa. Abin da ake tonowa shi ne tunaninsa cewa duka haƙƙinsa ne. In yana shaye-shaye, a yi masa maganinsa daban.

Za mu iya wannan da malamai da ma'aikatan jin daɗin jama'a, amma kada a zaunar da mijin da matar wuri guda, domin duk abin da ta faɗa a gabansa a gida za ta biya. Ma'aikaciya mace ta riƙa tuntuɓarta a keɓe, ta nan ne za a san ko ya sauya. Takardar kammala shiri kaɗai kada ta zama hujjar biko, don akwai mai halartar kowane zama domin kawai a dawo masa da matarsa.