Kwali a leda, aiki a baki

Wai har yanzu ba ku gaji da maganar yaron nan na wajen Auyo ba? Kwana uku ke nan duk inda mutum ya leƙa ita ake yi: an zalunce shi, an hana shi aikin haɗa famfunan sola don ba shi da kowa a sama, an kwaso 'yan birni an bar ɗan gida. To ni dai ban ga zaluncin ba. Ku da kuke yaɗa labarin, da bakinku kuka ce masu ɗaukar aikin sun nemi ya nuna aikin da ya taɓa yi, ya ce ai hotunan suna cikin tsohuwar wayarsa da ta faɗa ruwa a fadama bara. Nan fa magana ta ƙare. Shekara huɗu yana yawo gonakin mutane, duk yankin an shaida yaron yana da hannu, amma ranar da aka ce ina shaida, sai rantsuwa da kwalin difloma a leda. Me kuke so su yi? Su buga ƙasa su gano ya iya?

Kwali wurin da ka zauna yake nunawa. Ya ce ka yi shekara biyu a Kazaure ko Haɗeja ko Dambatta, ka zauna jarrabawa ka ci, madalla. Duk wanda ya shiga layin nan da kai yana da irinsa. Mai ɗaukar aiki so yake ya ga abin da hannunka ya taɓa, ya ga ko famfon da ka haɗa yana ba da ruwa. Gani ya kori ji, kowa ya haddace wannan tun yana firamare, amma in an zo neman aiki sai mu koma ba da labari.

Na san abin da za ku ce, ai ƙasar nan sai da hanya. E, akwai hanya, ba wanda ya musa. Amma wanda ya je hannu rabbana ya sauƙaƙa wa masu son kai aikinsu, ko ƙarya ba sai sun yi ba, shi ya miƙa musu hujjar korarsa. Ka je da shaidarka tukuna, in an ture ka sai mu taya ka ihu da gaskiyarmu.

Kuma abin ba wuya gare shi ba, shi ya sa yake ba ni haushi. Wayar da kake kallon ƙwallo da ita ta isa. Duk aikin da ka kama, hoto kashi uku yake buƙata: kafin ka taɓa, kana cikin yi, da bayan ka gama. Na farkon shi kowa yake mantawa, alhali shi ne gishirin, domin in ba a ga yadda ka tarar da abu ba, ba a san me ka gyara ba. Ka goge gilashin kyamara da gefen rigarka, rabin hotunan da suke fitowa kamar an ɗauke su cikin hazo maiƙon yatsa ne kawai. Rana ta kasance a bayanka. Da safe ko bayan la'asar ya fi, tsakar rana inuwa takan cinye duk abin da kake son a gani. Ka ɗauki ɗaya daga nesa a ga wurin gaba ɗaya, sannan ka matso.

Mai sola musamman, kada ka cika mana waya da hotonka ka jingina da fanel ka ɗaga yatsu biyu. Wanda ya san aikin ba fuskarka yake nema ba. Ka ɗauki takardar da ke manne a bayan fanel inda aka rubuta wat nawa ne da ƙarfin wutarsa. Ka ɗauki lambar famfon da ta kwantirola. Ka ɗauki fuskar mita lokacin da kake auna wutar, lambobin su fito rangaɗaɗau. Ka nuna yadda ka haɗa bakin kebul, da MC4 ka yi, wato mahaɗin kebul na sola, ko murɗewa ka yi ka naɗe da salatif, a nan ake gane gwani da ɗan koyo. Ka nuna fanel ɗin kudu suke kallo kuma an ɗan kishingiɗar da su kamar digiri 12 zuwa 15, yadda ya dace da inda muke a Jigawa da Kano. Sannan babbar shaida, wadda ba ta da tsada ko kwabo: ka kawo durom mai lita 200, ka saka tiyo, ka kunna bidiyo, a ga minti nawa ya ɗauka ya cika, ka faɗi ƙarfe nawa ne da zurfin rijiyar. Wanda ya ga wannan ba zai sake tambayarka ko ka iya ba. Sai dai ya tambayi nawa za a ba ka.

Hoto ba bayani kuma rabin shaida ne. Bayan shekara biyu kai kanka ba za ka tuna gonar wa ce ba. Layi biyar sun wadatar, a ranar, kafin ka kwanta: wane gari, wace rana, me aka kira ka ka yi, wane kaya ka saka, me ya fito. Ka ƙara da abin da ya ba ka matsala da yadda ka warware shi, misali famfo yana tsotso yashi sai da aka ɗaga shi sama kaɗan, ko kebul ya yi siriri ga nisan wurin wuta tana raguwa sai da aka sauya mai kauri. Samarinmu suna ɓoye wannan ɓangaren don kada a ce sun yi kuskure. Ai shi ne ma ya fi komai daraja. Kowa zai iya tsayawa kusa da aikin wani ya ɗauki hoto, amma bayanin inda aiki ya cije sai wanda ya yi shi. Kuma da Hausa za ka rubuta abinka, masu cewa ba su iya Turanci ba ku nemi wani uzurin. In rubutun ma nauyi yake maka, yi magana a cikin bidiyon.

Yanzu inda yaron nan ya faɗi, wato ajiya. Waya ba rumbu ba ce. Tana faɗawa ruwa, ana zare ta a kasuwar Gujungu, allonta yana mutuwa, mai gyara yana yi mata filashin ya share komai ya ce maka ai dole ce. Masu cewa suna da su a WhatsApp kuwa, Allah Ya ba ku haƙuri. Abin da ka ɗora a sitatus awa 24 yake yi ya ɓace. Hoton da ka tura yadda aka saba turawa, WhatsApp matse shi yake yi, in aka buɗe a kwamfuta lambar da ke jikin mita ba ta karantuwa. In dole sai ta nan, ka tura shi a matsayin takarda, a nan yake tafiya da girmansa.

Duk mai Gmail yana da gurbin ajiya na giga 15 kyauta a wajen Google. In hoto ɗaya mega uku ne, wajen hoto 5,000 ke nan, sai ka yi shekaru ba ka cika shi ba. Ka buɗe Google Drive, kowane aiki da jakarsa, sunan jakar ya fara da shekara, sai wata, sai rana, sai gari da irin aikin, kamar 2024-11-18 Auyo famfon sola. In ka fara da shekara da kansu za su jeru, ba sai ka yi ta lalube gaban mutane gumi yana keto maka ba. Amma ka lura, wannan giga 15 ɗin tarayya ake yi da saƙonnin imel da Google Photos, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma a ciki take zama. Wato bidiyon barkwanci da na biki da ake jibga maka a guruf su za su cinye wurin, ranar da ka zo ɗora aikin gaske a ce ya cika. Ka shiga saitin WhatsApp ka cire bidiyo daga abin da yake ajiyewa.

Wata masifar ita ce Gmail ɗin kansa. Mutum nawa ne a ƙauyukanmu suka san lambar sirrin imel ɗinsu? Ranar da aka sayi waya a kasuwar Farm Centre ta Kano yaron shago ya buɗe, ya saka abin da ya ga dama, ya miƙo, shi ke nan. Waya ta mutu, imel ya bi ta. Ka sauya lambar sirrin da hannunka, ka rubuta a takarda ka saka inda ake ajiye takardun gona. Ka ɗaura imel ɗin a kan layin da aka yi wa rajista da NIN ɗinka, ba na yayanka ko na budurwa ba, domin in layi ya ɓata kai kaɗai za a yi wa sabo. Kada kuma ka jefar da layin nan a aljihun tsohuwar riga, kamfanonin waya suna sake sayar da lambar da ta daɗe ba a amfani da ita. Shi ma Google ya sanar cewa asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba yana iya goge shi.

Ba sabis a garinku? Haba malam. Sabis ɗin da yake kawo maka TikTok har ƙarfe ɗayan dare shi ne ba zai ɗauki hoto goma ba? Hoto goma mega talatin ne. In da gaske babu, ka tara su, ranar kasuwa in ka shiga Haɗeja ko Gumel ko Ringim ka ɗora. Kafin nan ka tura wa ƙaninka ta Xender, ko ba komai suna wuri biyu.

Sai masu cewa wannan riya ce, ko suna tsoron bakin mutane. Riya a ibada take. Tela yana rataye ɗinkinsa a ƙofar shago, maƙeri yana baza garemani da lauje a kasuwa, ba wanda ya taɓa ce musu su tuba. Ka je Maigatari ranar Alhamis ka ce kana da bijimi a gida, ƙato, a ba ka kuɗi, ka ji abin da dillalai za su gaya maka. Kuma ba wanda ya ce ka baza wa duniya. Jakar tana rufe sai wanda ka ba. A nan ma ake yin wani shirmen: mutum ya tura mahaɗin jakar bai buɗe izini ba, can a ofis a danna a ga an ce sai an nemi izinin mai ita, su kuwa ba su da lokacin jiranka, sai su wuce na gaba. Ka saita ta yadda duk mai mahaɗin zai iya gani, gani kawai, ban da gyara ko gogewa. Ka gwada a wayar abokinka kafin ka tura wa kowa.

Ba kuma duk tarin za ka zube wa mutane ba. Ka zaɓi aiki biyar ko shida da suka fi, kowanne shafi guda, hoto uku da bayaninsa, a haɗa maka su PDF ɗaya da bai wuce mega biyar ba. Ya zauna a cikin wayar yadda ko ba data zai buɗe, ka kuma buga kwafi biyu masu kala ka riƙe a hannu. Da yaron nan ya shiga da shafi shida irin wannan, da yanzu wata maganar muke yi.

Allah Ya sani, tausayi yake ba ni. Yaranmu na karkara sun fi na birni taɓa aikin gaske, su ne cikin taɓo, su ne cikin rana, amma ɗan birni ya haɗa fanel biyu a saman gidan babansa ya yi masa hoto ashirin, ya zo ya wuce su. Ba mai sola kaɗai ba. Wanda ya karanta aikin gona yana bin manoman shinkafa a Kura ko Kadawa, ina rubutunsa na ranar da aka dasa irin shinkafa FARO 44, buhun NPK da yuriya nawa aka zuba, buhu nawa aka ɗauka a kadada? Magini ina hoton tushe kafin a rufe shi da ƙasa, tunda in gini ya tashi ba mai sake ganin rodin da ka saka? Ƙannenmu mata masu ɗinki da ƙunshi, aikin shekara biyar ya tafi gidajen biki bai bar ko inuwa ba. Tun a makaranta ciwon yake farawa, littafin SIWES, na koyon aiki a wajen makaranta, da aka ce a riƙa cikawa kullum, dare ɗaya ake zama a kwafe na aboki. An koya maka rubuta aikinka, ka mayar da shi wahalar da malamai suka ƙirƙiro.

Sai dai a yi da hankali. Gonar mutum ko gidansa, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, kuma kada iyalinsa su fito a ciki. Mai ƙunshi hannu kawai za ta ɗauka, shi ma sai mai hannun ta yarda. Mai aikin asibiti, mara lafiya ba kayan nuni ba ne, ko kusa. In za ka saka hoton kwalinka ka rufe lambarsa, masu haɗa na jabu irinsa suke farauta, NIN da BVN kuwa ba su da abin yi a wurin. In mai aikin ya ji daɗi, ka roƙe shi ya yi maka magana ta minti ɗaya a murya, ya faɗi abin da ka yi masa, a ranar da ruwa yake zuba yana murna. Bayan wata shida in ka koma nema, sai ka tarar famfon ya toshe da yashi don bai kula ba, kuma kai zai ɗora wa.

Af, tunda sola ta shigo, wai su waye suke kula da fanel ɗin rijiyoyin burtsatsen ƙauyukan nan? Tun da hunturu ya kama ƙura ta yi musu bargo, sai ka rubuta sunanka da yatsa a kai, ruwa ya koma ɗigo, mata suna layi tun asuba, kwamiti kuma ya zauna ya yanke hukunci famfo ya lalace a rubuta wa ƙaramar hukuma. Bokiti ɗaya na ruwa da tsumma mai laushi ne fa, da sassafe kafin gilashin ya ɗauki zafi, ba omo, ba soson ƙarfe, sau ɗaya a mako. Sannan a daina bari yara suna shanya wanki a kai.