Kana burin shugabancin banki, kana ba da hayar asusunka?

Jiya bayan isha'i a wata majalisa a Jidda na ji abin da ya hana ni barci. Wani ƙanenmu da ke karatun harkar kuɗi a jami'a, wanda kullum zancensa shi ne sai ya zama manajan banki, yana bugun ƙirji wai ya miƙa wa wani ɗan canji katin mada ɗinsa, wato katin cirar kuɗi na banki a Saudiyya, da lambar sirri, ana zuba kuɗi ana kwashewa, shi kuma ana ba shi na shayi duk wata. Abokansa har da tafi. Haba jama'a!

Ƙannena, aikin banki kafin ilimi amana ce. Babban bankin ƙasar nan, SAMA, tun 1952 yake tsaye, kuma babu wanda ake naɗawa babban muƙami a banki sai SAMA ta duba tarihinsa ta ce ba ta da ja. Me za su tarar a naka? Kuɗin da ba ka san mai su ba, sun shigo da asuba sun fita kafin azahar. Dokar hana halasta kuɗin haram ta tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10, ko tarar da ta kai riyal miliyan 5, ko duka biyun. In mai laifin ba ɗan ƙasa ba ne, yana gama zaman kaso a tasa ƙeyarsa. Ranar da za a zo tambaya, ɗan canjin ya kashe waya, sunanka ne a rubuce. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Kuma kada wani ya ce min taimako ne. Wane taimako? Wannan ya ba da asusu saboda kunyar ɗan garinsu, wancan don ya sayi sabuwar waya ya yi ta ɗaukar hoton kofi yana ɗorawa a Snapchat, ga shisha har asuba, salla kuwa sai rana ta fito. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wani ma saƙon lambar da banki ya turo masa yake karanta wa baƙo a waya, sannan ya zo yana salati an kwashe shi. Wai wannan ne zai sa ido a kan dukiyar al'umma gobe? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ku gyara, ku ji tsoron Allah, ku riƙe sunanku.

Sulaiman Al Rajhi, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa bankin Al Rajhi, da dako ya fara yana yaro, kafin canji, kafin banki. Iyayenmu ma a Makka alhaji kan damƙa musu guzurinsa ƙulle a tsumma ya wuce Arfa, ba takarda ba shaida, ya dawo ya tarar ko ƙullin ba a kwance ba. Ba su san kwamfuta ba, wasu ko sunansu ba sa iya rubutawa da boko. Yawancinsu sun kwanta dama, waɗanda suka rage kuwa ba wanda ke zuwa gaishe su.