Ba Dole Ba Ne a Saka Direban Kowace Firinta a Kan Sabar

Mutane da yawa na ɗauka cewa idan ana aiki da manhajar da ke zaune a kan sabar ta nesa (wato babbar kwamfutar da masu amfani ke haɗuwa da ita ta hanyar sadarwa), firintar mai amfani ba za ta buga komai ba sai an saka direbanta, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da firintar, a kan sabar. Wannan fahimta tana da asali, domin a da haka abin yake: tunda manhajar a kan sabar take gudana, a can ake haɗa aikin bugawa, kuma sai sunan direban sabar ya yi daidai da na kwamfutar mai amfani kafin firintar ta bayyana.

Amma tun daga Windows Server 2008, kamfanin Microsoft ya kawo Easy Print, wanda ke mayar da takardar da za a buga zuwa tsarin fayil mai suna XPS, ya turo ta ta hanyar haɗin Remote Desktop (hanyar da ake shiga sabar daga nesa), sannan direban da ke kwamfutar mai amfani ya ƙarasa aikin. Kamfanin Citrix, mai samar da manhajar aiki daga nesa, shi ma yana da nasa direban gama-gari mai aiki kusan haka.

Tara direbobi barkatai a kan sabar, a ganina, ya fi kawo matsala fiye da magani, domin direba guda mara inganci yana iya tsayar da hidimar jera ayyukan bugawa, kowa da ke kan sabar ya rasa damar bugawa. Idan firinta ta ƙi bayyana, a fara duba ko an ba da izinin tura firintoci a saitin haɗin, da kuma ko ƙa'idar sabar ta hana hakan.